Na Je Koyon Rawa Don Kada a Kore Ni

Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi ce ba su yi ƙarya ba, amma rabin maganar suka faɗa. Ba su faɗi abin da take ƙwacewa a hannun mutum ba. Ni ne Bawa, ɗan masunci daga bakin ruwan Yauri. Shekarata talatin da tara lokacin da na sauka Ingila, bayan na daɗe ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shanga, ina allura, ina wanke ciwo, ina shan baƙar magana daga 'yan jinya. Na ɗauka na san wahala. Ashe ko gaisawa ba mu yi da ita ba.

Zangon farko Landan. Mutumin da ya yi mini hanya tun daga gida ya rantse har da dafa Alƙur'ani cewa a asibiti zan yi aiki, da farar riga, da ɗakina ni kaɗai. Da na iso, wayarsa a kashe. Adireshin da ya ba ni kuma, da na bi shi, sai na tarar da shagon gyaran waya, mai shagon ma bai taɓa jin sunansa ba. Wani ɗan Najeriya da na haɗu da shi a masallaci ya ji tausayina ya ba ni gefen falonsa, mu biyar a ciki, kowa da jakarsa a matsayin matashin kai. Mako shida na yi a nan ina cin burodi da ruwan shayi. In an kira daga gida sai in miƙe in tsaya jikin wata mota mai kyau a bakin titi, in ce alhamdu lillahi, komai lafiya. Allah Ya isa tsakanina da mutumin nan, har yau ban janye ba.

Limamin masallacin ne ya haɗa ni da wani gidan kula da tsofaffi a can arewa, a wani gari na bakin teku. Tsohon garin masunta ne, sai dai jiragen sun daina fita, sun yi tsatsa a bakin ruwa. Ina sauka daga bas iska ta kawo mini ƙarnin kifi, sai kawai na ji hawaye. Ga ƙato da gemu a tasha yana share ido da hannun riga, mutane suna wucewa ba wanda ya ce sannu.

Manajar gidan, Madam Karen, ta yi mini bayani dalla-dalla. Za su karɓi takarduna su zama su ne masu tsaya mini, amma wata shida na gwaji zan yi. In na ci, na zauna. In na faɗi, takardar zamana ta faɗi tare da ni, sai gida. Na ce to. Me zan ce?

Aikin awa goma sha biyu ne a tsaye. Ka ɗaga, ka kwantar, ka wanke, ka shafa, ka ba da abinci a baki, ka sake wankewa. Ban raina ba. Tsofaffi ne, sa'annin iyayena, kuma na yi musu abin da aka koya mini a yi wa manya. In zan shiga ɗakin tsoho sai in yi sallama a hankali, in rusuna, in sunkuyar da kai, in yi magana ƙasa-ƙasa. A wurinmu yaron da ya ƙura wa babba ido, ranƙwashi ne rabonsa kafin ya san laifinsa. Kallon ƙasa shi ne tarbiyya, shi ne shaidar an haife ka a gida. Wallahi a raina ina ganin duk ma'aikatan gidan ba wanda ya kai ni ladabi, don su da suna suke kiran tsofaffin nan gatsau, kamar abokan wasansu.

A cikin wata na uku Madam Karen ta kira ni ofis. Na tsaya hannuwa a baya, kai a ƙasa. Ta ce an kai ƙarata. Wani tsoho mai suna Mista Harold, na ɗaki na tara, ya ce ba na amsa masa magana, ba na kallonsa, ina shigo masa kamar ɓarawo in fita kamar ɓarawo, kuma ba ya son a sake turo ni. 'Yarsa ma ta rubuto takarda.

"Bawa, aikinka ba shi da aibu," in ji ta. "Amma mutanen nan ba kaya ba ne. Suna son su ga fuskar mai taɓa su. Ko yanzu da nake maka magana, kafet ɗina kake kallo."

Jin an yi mini faɗa, sai na ƙara sunkuyawa. Abin da jikina ya sani ke nan. Na ji ta ja dogon numfashi, ta rubuta wani abu. Ta ce saura wata uku, in aka sake kawo irin wannan ƙara ba ta da yadda za ta yi.

Na fito raina a ɓace. Ni? Ni da nake wanke wa mutumin nan abin da 'yarsa ba za ta iya kallo ba, ni ne mara mutunci? Na zauna a ɗakin shan shayin ma'aikata ina huci ni kaɗai, sai ga Anti Memuna. Ita 'yar Gana ce, daga zangon Kumasi, ta fi shekara ashirin a ƙasar, kuma ita kaɗai ce nake jin Hausa a bakinta a duk garin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tura mini biskit.

"Ƙanena, ka gama?" ta ce. "To ji nan. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. A nan wanda ba ya kallon ido, maƙaryaci ne ko mai raini. Ka ɗaga kai kawai."

"Anti, na gwada. Wuyana ba ya yarda."

Da gaske nake. Na gwada a madubi, na gwada da direban bas. Da ƙananan yara ba matsala. Amma da zarar na ga furfura, sai kaina ya sauka da kansa.

Ta dube ni, sai ta kwashe da dariya. Ta ce akwai inda za a gyara ni. Kowace Asabar da la'asar ana koyar da wata rawa mai suna salsa a wani zauren taro kusa da kasuwa, rawar mutum biyu ce, kuma yawancin masu zuwa tsofaffi ne da zaman gida ya ishe su. A can, in ji ta, ko ka kalli mutum ko ka taka shi.

"Rawa, Anti? Ni? Da matata da 'ya'ya huɗu?"

"To koma Yauri ka yi musu bayani. Zan raka ka ranar farko, kada ka ji komai."

Ranar Asabar na isa da wuri. Na tsaya a ƙofar zauren cikin yayyafi ina jiranta, har kusan rabin awa, sai ga saƙonta: an riƙe ta a wurin aiki, in shiga kawai. Na juya zan tafi. Na kai bakin titi. Sai na tuna gargaɗin Madam Karen, na dawo ina zagin kaina da Anti Memuna da mutumin da ya yi mini hanya, duk a haɗe.

Na cire takalmina a bakin ƙofa, na jera su, na shiga da safa. Mutum kusan ashirin suka juyo. Duk zauren ba wanda ya cire nasa sai ni. Malamin, wani gajere mai tumbi daga ƙasar Kolombiya mai suna Andres, ya taho yana murmushi, ya ɗauko takalman da hannunsa ya miƙo mini, ya ce katakon yana da santsi, zan karya haƙarƙari. Babban mutum ya ɗauki takalmina a gaban jama'a. Na so ƙasa ta tsage.

Aka jera mu. Ya fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, sai ya yi shiru, sannan biyar, shida, bakwai. Na ce a raina, huɗu fa, wa ya cinye ta? Kowa ya yi gaba na yi baya. Kowa ya yi hagu na bangaji wani dattijo mai tabarau. Kiɗan kuma ba irin namu ba ne da ganga ɗaya take gaya maka inda za ka sa ƙafa. Wannan ganguna ne da ƙarafa da kakaki duk suna magana lokaci ɗaya, kamar kasuwar Yauri ranar cinta.

Sai ya tafa hannu ya ce kowa ya kama abokin rawa. Kafin in nemi hanyar gudu, wata tsohuwa ta tsaya a gabana. Sunanta Dorin, ta haura saba'in, gashinta fari fat, ga jan baki. Ta miƙo hannu biyu. Ni da ko gaisawa da mata ba na yi da hannu. Na yi a'uziyya a zuci na kama 'yan yatsunta kamar mai ɗaukar garwashi.

Sau uku na taka ta kafin waƙar ta kai rabi.

"Saurayi," ta ce, "takalmina kake son saye?"

"A'a, Mama. Yi haƙuri."

"To me kake nema a ƙasa? Ni ina nan sama."

Ta sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin gemuna ta ɗaga mini kai. Tun da na girma ba wanda ya taɓa mini gemu. Na runtse ido. Na ji tana dariya, amma ba ta mugunta ba.

Da na koma ɗakina na yi alwala, na yi Magariba, na daɗe ina istigfari. Ba zan ce muku zuciyata ta kwanta da abin ba, don ba ta kwanta ba, har yau. Da matata Hadiza ta tambaye ni a waya ina na je, na ce motsa jiki. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Na koma Asabar ta biyu, ƙafafuna a kumbure saboda tsayuwar mako. Dorin ta hango ni ta ɗaga hannu kamar ta ga ɗanta. Da aka zo hutu ta ja ni gefe ta tambaye ni dalili, na gaya mata duka, har da Mista Harold da wata ukun da suka rage. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce a irin gidan da nake aiki, kuma ta san abin da tsohon yake nufi. Ta ce amma ta gane nawa ma.

"Za mu bi a hankali," in ji ta. "Yau ɗankunnena za ka kalla. Ɗankunne ba shi da ido."

Haka muka yi. Mako biyu ina rawa da ɗankunne. Daga nan ta mai da ni goshi, daga goshi zuwa tsakanin gira. Andres yakan ce a canja abokin rawa bayan kowace waƙa, in zaga in taka mutane in ba da haƙuri in dawo wurinta. Akwai wata mai dogon wuya da kullum in layi ya kawo ta gabana sai ƙishirwa ta kama ta, ta tafi shan ruwa. Na gane. Ni ma da zan iya guje wa kaina da na guje.

Abu ɗaya ne Andres ya taɓa yaba mini. Ya tsai da kiɗa ya ce kowa ya dubi gwiwoyina, yadda nake sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa ba tare da kafaɗa ta motsa ba. Ya ce a ina na koya? Na ce ban koya ba. Duk wanda ya tashi yana tsayuwa a bakin kwalekwale yana jefa raga a tafkin Kainji, in gwiwarsa ta ƙage, ruwa zai sha. Suka tafa mini. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don wata huɗu ke nan ba wanda ya ce na iya wani abu.

A Asabar ta bakwai ne abin ya faru. Muna cikin rawa Dorin ta ce, "Yanzu." Na sauko da idona daga girarta. Idanunta kore-kore ne, sun yi ruwa irin na tsufa. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, biyar, shida, bakwai, ina kallonta, gumi yana bin bayana, wani abu a ƙirjina yana ce mini kai mara kunya, kai ɗan banza. Ba abin da ya faɗo daga sama. Kuma ban taka ta ba, don ashe in kana kallon mutum kana ganin inda zai nufa tun kafin ya ɗaga ƙafa.

"Ka gani?" ta ce. "Ba ka mutu ba."

Saura mako uku gwajina ya ƙare, aka rasa mai yi wa Mista Harold aski da safe, dole aka tura ni. Na tsaya a ƙofar ɗaki na tara na ƙirga har bakwai. Na shiga ban rusuna ba. Na ja kujera na zauna daidai gabansa, na dube shi, na ce, "Harold, ina kwana. Ni ne Bawa. Na zo yi maka aski." Kiran sunansa haka ba ko Mista ya yi mini ɗaci a baki kamar na zage shi.

Sai na lura ba idona yake kallo ba. Bakina yake kallo.

"Ashe kana da baki," ya ce.

Ina shafa masa kumfa yana ba ni labari. Shekara talatin ya yi a ɗakin injin jirgin kamun kifi, ƙarar ta cinye masa kunne. Da leɓe yake gane magana. Ba ya son 'yarsa ta sani, don za ta maƙala masa na'ura a kunne ta riƙa yi masa ihu kamar yaro. Sauran ma'aikata suna kallonsa in suna magana, shi ya sa ba wanda ya gane. Ni kuwa wata uku ina shigowa ina gaishe da ƙasa, shi yana ganin tsakar kaina kawai.

"Na ɗauka ƙyamata kake," in ji shi.

"Girmama ka nake yi."

Ya dube ni, na dube shi. Dariya ta so zuwa, haushi ya tare ta. Rashin sani ya fi dare duhu. Saura ƙiris a kore ni daga ƙasa saboda ina ganin girman mutum, shi kuma ya yi wata uku yana jin an wulaƙanta shi a ɗakinsa. Na gaya masa ubana masunci ne. Ya tambayi girman kifinmu, na buɗe hannu na nuna masa giwan ruwa, ya ce ƙarya nake, duk masunta haka suke.

Madam Karen ta tabbatar da ni a aiki. Tana faɗa ina kallonta a ido, ta ce ta ga canji sosai. Na ɗauka zan yi tsalle. Ko kusa. Na shiga bas na jingina kai da gilashi, barci ya kwashe ni har na wuce tashata. Na ci gaba da zuwa ajin na 'yan watanni, har aka yi wa Dorin aiki a ƙugu ta daina zuwa, ni ma na daina. Na kai mata lemo asibiti sau biyu. Ban taɓa zama gwani ba, juyi biyu kawai na iya.

Sai da na shekara biyu da rabi kafin na sami hutun zuwa gida. Daga Kontagora na kasa zama sosai a mota. Da muka shigo Yauri, hayaƙin bandar kifi ya buge ni, na ce yawwa, yau zan ajiye kayan mutane in ɗauki nawa. Na biya na ga Hadiza da yara, sannan da la'asar na nufi gidanmu.

Baba yana tsakar gida a kan tabarmarsa yana ɗinkin raga, ƙaninsa yana gefe, Inna da ƙannena mata suna bakin madafa. Na cire takalmi tun daga zaure, na zo na tsuguna a gabansa kamar kullum. Na ce, "Baba, na same ku lafiya?" Sai dai kaina bai sauka ba. Wallahi ban yi niyya ba. Shekara biyu ina zama gaban tsofaffi ina neman idonsu kafin in buɗe baki, jikina ya riga ya karɓa. Na dube shi sosai, kuma da na fara sai na kasa dainawa. Kumatunsa sun faɗa. Akwai wani tsohon tabo a gefen girarsa da ban taɓa sanin yana da shi ba. Idonsa na hagu ya yi fari da yana. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ranar na fara ganin fuskar ubana, kuma abin da na gani tsoho ne. Tausayi ya cika ni, har na miƙa hannu na dafa gwiwarsa.

Baba ya kawar da fuskarsa gefe. Ƙaninsa ya yi gyaran murya.

"Bawa!" Muryar Inna ce daga bakin madafa. "Mi anka yi maka can? Ubanka kake ƙura ma ido haka gaban mutane?"

Na janye hannuna, na sunkuya da sauri. Na ce, "A gafarce ni, Baba. Kuskure ne." Ina so in yi bayani, amma daga ina zan fara? In ce masa wata tsohuwa mai jan baki ce ta koya mini a wurin rawa?

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da ɗinkinsa, ya ja zare ya ƙulla, sannan ya ce wa Inna, "Ƙyale shi. Ai baƙo ne. Ba a yi ma baƙo faɗa." Ya juya wajen ƙanwata. "Ku kawo ma baƙo ruwa."

Ba ta ɗebo a randa da moɗa ba. Ta shiga ɗakin Inna ta buɗe kabad, ta fito da kofin gilashi, ta ɗauraye shi, ta ɗoro a kan faranti, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Na ɗauka da hannu biyu, kaina a ƙasa, na sha.